Gida Mai Tafiya a Bakin Tekun Kudancin Amurka

Yara, kun san kunkuru. Duk inda za shi, da gidansa yake tafiya. A ƙasar Amurka akwai wata irin mota mai kama da shi. Daga waje sai ka ce babbar motar fasinja ce. Amma in ka buɗe ƙofa ka shiga, sai ka tarar da gadaje da tebur da murhu, har da makewayi. Da Faransanci ana ce mata camping-car. Mu bari mu kira ta mota-gida.

In an ba yara hutu, wasu iyaye a can sukan sayi irin wannan mota ko su yi hayarta, su kwashi iyali su shiga duniya. A wannan karatu za mu bi wani iyali: uba da uwa da ƴaƴa uku. Za su bi bakin teku ta kudancin ƙasar, tafiyar kusan kilomita 2,000. Ku ɗauko taswirar Amurka ku sa yatsa a gabas, inda ƙasa ta haɗu da Tekun Atlantika. Daga jihar Karolina ta Arewa za mu tashi.

Cikin mota-gida

Matsakaiciyar mota-gida takan kai mita 8 a tsawo. Gaba akwai kujerar direba. A samanta akwai gado, kamar rumbu, wanda yara ke hawa da tsani. Tebur ɗin cin abinci, in dare ya yi, sai a sauke shi a shimfiɗa katifa, ya zama gado. Akwai murhun gas da ƙaramin firji. Kowane akwatin kaya yana da sakata, domin in mota ta sha kwana kada kwanuka su zube. Muddin mota tana gudu, kowa yana zaune a kujerarsa da ɗamara. Ba a girki, ba a guje-guje.

Babban al'amari a cikin mota-gida shi ne ruwa. A ƙarƙashinta akwai tanki uku. Na farko na ruwa mai kyau ne, yakan ci kamar lita 150. Ku lissafa: jarka shida ke nan mai lita 25. Da shi mutum biyar za su sha, su dafa, su yi wanka, su wanke kwanuka. Tanki na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke. Na uku na makewayi ne. Yaron Amurka da ya saba barin famfo yana zuba, a nan yake koyon abin da ku kuka daɗe da sani. In ya yi wanka, sai ya jiƙa jiki ya rufe famfo, ya saɓa sabulu, sannan ya ɗauraye.

Ba ko'ina ake tsayawa a kwana ba. Akwai zango na musamman da ake biya. Kowace mota tana da gurbinta, da wurin jona wuta da na jona ruwa. Kafin a tashi, uban yakan kai motar bakin wani rami mai murfi, ya jona bututu ya juye tankunan ƙazanta. Doka ta hana a zubar da su a hanya ko a daji. Wannan aiki ba mai daɗi ba ne, amma ba makawa.

Motar kuma akwai ta da shan mai. A kilomita 100 takan sha lita 25, wani lokaci ma fiye. Allunan hanya a Amurka da mil suke ƙirga nisa. Mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan.

Tsibiran rairayi

Zangon farko yana kan wasu tsibirai dogaye, sirara, na rairayi zalla. Hanya ɗaya ce ta ratsa su. A wasu wurare, in ka duba hagu ruwa ne, in ka duba dama ruwa ne. A nan ne, kusa da ƙauyen Kiti Hok, wasu ƴan'uwa biyu masu gyaran keke, Wilbur da Orville Wright, suka tayar da jirgin sama mai inji ranar 17 ga Disamba 1903. Tashin farko daƙiƙa 12 kawai ya yi. Sun zaɓi wurin ne saboda iska mai ƙarfi da rairayi mai taushin faɗuwa.

Gaba kaɗan, a Hataras, akwai wata hasumiya ta jan bulo mai tsawon kamar mita 60. An gama ta a 1870. Fitilar da ke samanta ce take nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Lokacin da aka gina ta, akwai tazarar kusan rabin kilomita tsakaninta da teku. Teku ya yi ta cin ƙasa, shekara da shekaru, har ya zo gindinta. A 1999 sai aka yi abin mamaki: aka ɗaga hasumiyar ɗungurungum, aka ɗora ta kan ƙarafa, aka yi ta turawa a hankali har kwana 23. An matsar da ita wajen mita 880. Gidajen mutane ba su sami wannan gata ba. Tun daga 2020, da dama daga cikinsu sun rufta cikin teku.

Inda hanya ta ƙare, sai mota-gida ta hau jirgin fito. Jirgi ne babba mai ɗaukar motoci da mutane. Fito biyu za a yi kafin a koma tudu, na biyun ya fi awa biyu.

Ƙasar shinkafa

Daga nan sai hanya mai lamba 17, wadda ta nufi kudu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tudu. Gada bayan gada, fadama bayan fadama. Dab da birnin Calston, a jihar Karolina ta Kudu, uwar ta ce a tsaya. A bakin hanya akwai rumfuna, wasu mata baƙaƙe suna zaune suna ɗinkin kwanduna da ciyawar fadama da ganyen wani irin kaba. Cikin kayansu akwai wani mai faɗi, marar zurfi. Da kun gan shi, da kun ce faifai ne. Ba ku yi kuskure ba. Da shi kakanninsu suke sheƙar shinkafa.

Yaya aka yi faifai ya ƙetare teku? Ga yadda abin yake.

Turawan Ingila sun kafa Calston a 1670. Sun tarar da fadamu masu yawa, amma ba su iya noman shinkafa sosai ba, domin ba a noma ta a ƙasarsu. Mutanen Afirka ta Yamma kuwa sun daɗe da iyawa. Daga Senegal zuwa Gini da Saliyo, da kuma fadamun kogin Kwara, ana noman shinkafa tun kafin Turawa su zo. Saboda haka masu gonaki suka riƙa neman bayi daga waɗannan ƙasashe, har suna biyan kuɗi fiye da na sauran. Cikin kowane mutum goma da aka kai Amurka ta Arewa cikin sarƙa, wajen huɗu ta tashar Calston suka shiga. A daidai wurin da ake sauke su, an buɗe gidan tarihi a 2023.

Aikin da suka yi ba ƙarami ba ne. Sun sare manyan itatuwa a cikin ruwa, ga macizai ga kadoji. Da fartanya da kwando suka tayar da ganuwar ƙasa kewaye da gonaki, suka haƙa magudanai. Dabarar ban-ruwan kuwa da teku take aiki. Kun san teku yakan cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya. In ya cika, sai ya tokare ruwan kogi, ruwan kogin ya kumbura. A lokacin sai a buɗe ƙofar katako da ke jikin ganuwa, ruwa mai daɗi ya malala cikin gona. In teku ya janye, sai a sake buɗewa, ruwan gona ya fita. Mai tsaron ƙofa dole ya san aikinsa. In ya bar ruwan gishiri ya shiga, shuka ta mutu. Bayan girbi, a turmi ake surfen shinkafar da taɓarya, kamar yadda ake yi a gidajenmu. Ban da shinkafa, sun noma baba, suka fitar da shuni da ake kai wa marinan Ingila.

Masu gonaki sun yi arziki ƙwarai. Manyan benayen Calston da baƙi ke ɗauka hoto, da wannan kuɗi aka gina su. Waɗanda suka yi aikin kuwa ba su sami ko sisi ba. Zazzaɓin sauro da wahala sun kashe da yawa, musamman jarirai. Ya kamata duk wanda ya yaba kyan birnin ya san wannan.

Da damina, masu gonaki sukan gudu birni don tsoron zazzaɓi, su bar bayi a tsibirai da fadamu. Ta haka mutanen Afirka suka zauna su-ya-su, suka riƙe al'adu da yawa. Jikokinsu su ake kira Gula ko Gici. Suna da harshensu, wanda kalmominsa yawanci na Ingilishi ne, amma gininsa na Afirka. A 1949 wani malami baƙar fata, Lorenzo Turner, ya fitar da littafi a kansa. Ya tara dubban sunaye da kalmomi, ya gwada su da harsunan Afirka kamar Mende da Wolof da Fulatanci da Yarbanci, har da Hausa. Abincinsu ma ba baƙo ba ne a gare ku. Suna dafa shinkafa da wake a tukunya ɗaya. Suna miyar kuɓewa. Suna toya alewar riɗi.

A bakin tashar Calston aka harba bindigar farko ta yaƙin basasar Amurka, cikin Afrilu 1861. Yaƙin ya ƙare a 1865, aka haramta bauta. Tun yaƙin bai ƙare ba, a 1862, aka buɗe makaranta a tsibirin Sant Helena don waɗanda suka sami ƴanci. Kafin nan, doka ta hana a koya wa bawa rubutu. Yara da tsofaffi suka riƙa zama tare suna koyon baƙaƙe. Gine-ginen makarantar suna nan, ana zuwa kallo.

Malamin tsibiri

Daga Calston zuwa Sabana, a jihar Jojiya, kamar kilomita 170 ne. An kafa Sabana a 1733. Birni ne mai dandali 22, kowanne da manyan itatuwa masu inuwa. A rassansu akwai wani tsiro toka-toka da yake reto kamar gemun tsoho. Iyalin suka bar motar a zango suka shiga tsakiyar birni da ƙafa.

Kudu da Sabana akwai tsibirin Sapelo. Ba gada, mota-gida ba ta zuwa. Jirgin fasinja ake shiga. A wannan tsibiri wani bawa ya zauna mai suna Bilali Muhammad. Mutumin Timbo ne, a ƙasar Gini ta yau. Ya yi karatun allo tun yana yaro, kafin a kama shi. Bauta ba ta mantar da shi ba. Ya riƙe sallarsa da azuminsa, ya kuma bar rubutu da Larabci, shafi 13, a kan alwala da salla da kiran salla. Takardun suna ajiye a Jami'ar Jojiya. A tsibirin San Simon, can gaba kaɗan, akwai abokinsa Salihu Bilali, Bafulatanin Masina, a bakin kogin Kwara. Kogin nan da ya ratsa Yamai, ruwansa ya sha yana yaro.

Har yanzu akwai jikokin Bilali a Sapelo, amma mutanen ƙauyen ba su fi ƴan gomomi ba. Bayan ƴanci, Gula da yawa sun tara kuɗi sun sayi gonaki. In uba ya mutu, sai ƴaƴa da jikoki su ci gaba da zama, ba tare da an raba gado a takarda ba. Daga baya aka yi gadoji zuwa wasu tsibiran, kamar ta Hilton Hed a 1956. Masu kuɗi suka ga bakin teku yana da kyau, suka gina otal-otal. Harajin ƙasa ya hau. Wanda ya kasa biya, a sayar da gonarsa. Wani lokaci kuma ɗan'uwa ɗaya da ke birni ya sayar da rabonsa, sai kotu ta sa a sayar da gonar gaba ɗaya. Iyalai da yawa sun rasa ƙasar kakanninsu ta wannan hanya, wasu kuma suna nan suna shari'a.

A wannan yanki cikar teku takan wuce mita biyu. Da safe yaran suka ga fadama cike da ruwa. Da azahar sai taɓo da ƙananan ƙaguwa suna yawo. A zango akwai allo mai gargaɗi: kada a ba kada abinci. Kadan da ya saba karɓa daga hannun mutum yakan daina tsoron mutane. Akwai kuma dokar fitila. Daga Mayu zuwa Agusta, kunkurun teku yakan fito da dare ya haƙa rami a rairayi, ya zuba ƙwai fiye da 100. Bayan wata biyu ƴaƴan su ƙyanƙyashe, su nufi inda suka ga haske, wato fuskar teku. In fitilar gida ta fi haske, sai su juya baya su ɓata. Saboda haka ake kashe fitilun bakin teku.

Hadarin da ya ƙetare teku

A Jaksonbil, cikin jihar Fulorida, iyalin suka juya yamma, suka hau babbar hanya mai lamba 10. Daga nan zuwa ƙarshen tafiya kamar kilomita 880 ne, kwatankwacin Yamai zuwa Damagaram. Hanya ce miƙaƙƙiya cikin daji, ba abin kallo sosai. Yara suka yi barci. Uban kuwa ya kunna rediyo, yana sauraron labarin yanayi. Kullum sai ya saurara, safe da yamma.

Dalili shi ne guguwar teku. Lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma babban hutun yara a ciki yake. Ga abin da zai ba ku mamaki: yawancin manyan guguwoyin nan a samanmu suke farawa. Kun lura da damina hadari daga gabas yake tasowa ya nufi yamma? Yakan ratsa Cadi da Nijar da Mali, ya fita teku ta wajen Senegal. Yawanci a nan yake mutuwa. Amma in ya tarar da ruwan teku da ɗumi sosai, sai ya riƙa shan tururi yana ƙara ƙarfi, yana juyawa kamar dutsen niƙa. Cikin mako ɗaya ko biyu ya ƙetare Atlantika. In gudun iskarsa ya kai kilomita 119 a awa, ya zama guguwar teku, kuma yana da suna nasa. Wadda aka kira Hugo daga gaɓar Afirka ta tashi. Ta faɗa wa Calston cikin Satumba 1989, da iska mai gudun kusan kilomita 220 a awa.

Iska tana ɓarna, amma ruwa ya fi kisa. Guguwa takan tura teku gaba, ya hau kan ƙasa kamar bango. Ƙasar da ba ta da tudu, ina mutum zai hau? A 1893 irin wannan ruwa ya kashe mutum fiye da 1,000 a tsibiran Gula. Guguwoyin da suka biyo baya suka farfasa ganuwar gonaki, har aka bar noman shinkafa a yankin.

Mota-gida ba wurin fakewa ba ce. Ba ta da nauyin gida, ga ta da faɗin jiki, iska tana iya kifar da ita. Amma tana da abu ɗaya da gida ba shi da shi, wato ƙafa. Yanzu taurarin ɗan'adam suna hango guguwa kwanaki kafin ta iso. In hukuma ta ce a tashi, sai a cire wuta da ruwa, a bi shuɗɗan alluna masu nuna hanyar tsira, a yi nesa da teku. Shi ya sa uban ba ya barin tankin mai ya sauka ƙasa da rabi.

Inda aka ji Faransanci

A jihar Alabama aka sake ganin ruwa. Wannan shi ne Tekun Mekziko, ya fi Atlantika ɗumi. Faransawa ne suka kafa birnin Mobil a 1702. An hana shigo da bayi Amurka tun 1808, amma a 1860 wani jirgi mai suna Kulotilda ya shigo Mobil a ɓoye da mutum 110. Daga Wida ya ɗauko su, a ƙasar Benin ta yau. Aka sauke su da dare, aka ƙone jirgin don a ɓatar da shaida. Da suka sami ƴanci sun so komawa gida, kuɗin jirgi ya gagara. Sai suka sayi fili suka kafa unguwarsu, suka sa mata suna Garin Afirka. A 2019 aka tabbatar an gano gawar jirgin a cikin taɓon kogi.

Daga Mobil hanya ta bi gaɓar jihar Misisipi. Gidajen bakin teku a kan dogayen ginshiƙai suke, ana hawa da matakala. An ƙara ɗaga su ne bayan guguwar Katrina, wadda ta zo ranar 29 ga Agusta 2005 ta kashe mutum fiye da 1,300.

Zangon ƙarshe shi ne birnin da taswirarku ta Faransanci ta kira La Nouvelle-Orléans, a jihar Luwiziyana. Faransawa sun kafa shi a 1718, a bakin kogin Misisipi. A 1803 Napoleyon ya sayar wa Amurka da yankin duka a kan dalar Amurka miliyan 15. Har yanzu tituna da yawa sunan Faransanci gare su, kuma a ƙauyukan fadama akwai tsofaffi masu jin harshen. Kusan rabin birnin yana ƙasa da fuskar teku, kamar ƙwarya a cikin ruwa. Ganuwa da manyan injunan zuƙe ruwa ne suke tsare shi. Lokacin Katrina ganuwar ta fashe, ruwa ya rufe kashi 80 cikin 100 na birnin. An sake gina ta, ta fi ta da ƙarfi.

Da maraice iyalin suka shiga wani gidan abinci. Aka kawo musu miya mai kauri da jatan lande da kuɓewa, an zuba ta kan shinkafa. Sunanta gumbo. Ku da kuke koyon Faransanci kun san gombo, kalmar kuwa daga harsunan Angola ta fito. Autar gidan ta ce miyar tana da yauƙi, ba za ta sha ba. Uwar ta ce: «Ɗanɗana mana, ƴata.» Ta ɗanɗana, ta miƙa kwano a ƙara mata.

Washegari uban ya juye tankuna, yara suka share rairayin da ya cika ƙarƙashin gadaje. Babban yaron ya ɗauki alƙalami ya zauna lissafin man da motar ta sha. Ku ma ku ɗauko allo ku taya shi.